Sidi 175 a Wata Don 'Ya'yana Su Yi Gudu

Ni tela ce. Shagona yana Aboabo, keke uku da 'yan koyo huɗu, kuma rabin abincina daga kayan sukul yake fitowa. A nan Kumasi in mun ce makaranta, ta allo da Islamiyya muke nufi, ta boko kuwa sukul muke ce mata, kada mai karatu daga Kano ko Maraɗi ya rikice. Duk farkon shekarar karatu nakan ɗinka gajerun wanduna na darasin motsa jiki, wanda yara ke kira P.E., ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, kowane yaro da launin rukuninsa. Na daɗe ina wannan aiki kafin in lura da wani abu. Wandon da ake gudu da shi a tsakiya yake yagewa, ko ya goge a mazaunai, ko aljihu ya tsinke. Wanda iyaye ke dawo min da shi gyara ba haka yake zuwa ba. Yadin na nan sabo fil, launi bai koɗe ba, roba ce kawai ta matse ƙugu, a ce in saki. Yaro ya shekara biyu yana sa wandon wasa duk Juma'a, wandon bai taɓa sanin ƙasa ba.

Nawa 'ya'yan ma ba su tsira ba. Na tsakiya, mai shekara 11, da tef ɗina na gane halin da yake ciki. Daga ɗinkin ƙaramar Salla zuwa na ƙaramar Sallar da ta biyo baya, ƙugunsa ya ƙaru da inci 3, tsayinsa kuwa da ƙyar ya ƙara inci 1. In ya dawo sukul sai ya miƙe a kan tulin yadi a bayan shago da tsohuwar wayar babansa, da dare kuma taliyar leda da ƙwai da lemon kwalba. In an aike shi Asawase, nan da nan, sai ya nemi kuɗin pragya, keken nan mai ƙafa uku. 'Yar farina da ke aji 2 a JHS, wato ƙaramar sakandare, nata ya sha bamban. Kullum a gajiye, in ta miƙe da sauri sai ta dafa bango, kuma sau biyu ina kama ta da farar ƙasa a jaka, wadda ake sayarwa a kasuwa da sunan ayilo. Na yi ta faɗa, na ɗauka kwaɗayi ne na 'yan mata. Autan yana aji 3, shi ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, sai dai sakamakonsa kullum a ƙasa, malamarsa na cewa ba ya kwafar abin da ke kan allo.

Na tambaye su me ake yi a awar P.E. Babbar ta ce tun da suka shiga JHS malamin lissafi ne ke karɓe awar, tunda BECE, jarrabawar kammala JHS, ba ta tambayar gudu. Na tsakiya ya ce ran da malami ya ga dama sai ya jefa wa maza ƙwallo ɗaya, mata su zauna gindin bishiya ko a miƙa musu tsintsiya. Sai gasar sukul da sukul ta matso a tsinci masu dogayen ƙafafu, a yi musu atisayen mako guda, a kai su su sha kashi su dawo. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Wata Hajiya da nake wa ɗinki ce ta ba ni labarin wurin da nake son yin magana a kai. Ba shi da allon suna, a unguwa "wajen Koci" kawai ake cewa. Malamin motsa jiki ne da ya yi karatunsa a jami'ar horar da malamai ta Winneba, da safe yana koyarwa a wata sukul ta gwamnati, da yamma kuma ya ɗauki hayar filin ciyawar roba yana horar da yara 'yan shekara 7 zuwa 15, maza da mata. Tun daga 2017 da aka kafa Asusun Raya Zango irin waɗannan filaye suka yawaita a unguwanninmu, wasu na gwamnati, wasu na 'yan kasuwa. Wannan na ɗan kasuwa ne, kowace awa da kuɗinta. Ana zuwa Alhamis da Asabar bayan la'asar, ƙarfe 4 zuwa gab da magariba. Zaɓen ranakun kaɗai ya nuna min mutumin ɗan Zango ne: Alhamis ba a makaranta, Asabar kuma da safe ake yin ta, don haka babu malamin allon da zai ce an janye masa almajirai.

Kuɗin rajista sidi 30 ne kowane yaro, na wata sidi 70, in yara uku ne daga gida ɗaya na ukun ya biya rabi. Nawa ya kama sidi 175 kenan duk wata, ban da kuɗin pragya, ban da kambu, wato takalmin gudu, ƙafa uku da na tsinto a layin gwanjo a kasuwar Kejetia. Wata takwas ke nan muna biya.

Ranar farko ita ta sa na zauna. Na je da niyyar in ajiye su in koma shago, sai Koci ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri a ba mu minti ashirin, akwai tambayoyin da yaro ba zai iya amsawa ba." Ya zaunar da ni a benci gaban wata nas, takarda a hannunta. Akwai mai asma? Akwai wanda ya taɓa suma ko farfaɗiya? An san rukunin jininsu game da sikila? Wane magani suke sha? Katin inshorar lafiyarsu na aiki? Katin yarana biyu ya daina aiki ban sani ba, a nan take ta nuna min yadda ake sabuntawa ta waya da *929#, ta tuna min cewa yaron da bai kai 18 ba ba ya biyan cikakken kuɗin shekara. Shekara takwas 'yata tana zuwa sukul, ba a taɓa yi min tambaya ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Batun sikila sun riƙe shi da muhimmanci, kuma ya kamata. A garin nan ne, a 1995, aka fara gwajin jarirai a ƙasar nan don gano sikila tun daga haihuwa, ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma lissafin da likitoci ke bayarwa shi ne kusan jariri 1 cikin 50 a Ghana da ita ake haihuwarsa. Ke nan a aji mai yara 50 ba abin mamaki ba ne a samu ɗaya. Ɗan maƙwabciyata yana da ita, yana zuwa asibitin Komfo Anokye duba lafiya, kuma a sukul ɗinsu abu biyu kawai aka sani: ko a hana shi wasa gaba ɗaya, ko wani malamin da bai san halinsa ba ya sa shi tsallen kwaɗo a rana don ya makara. A wajen Koci yana shiga cikin 'yan uwansa, sai dai ba ya tseren ƙure ƙarfi, gorar ruwansa na gefen fili, duk bayan ɗan lokaci a kira shi ya sha ya huta a inuwa, ran da aka yi ruwa gari ya yi sanyi kuma a bar shi da rigarsa mai kauri. Uwarsa ta ce min wannan ne karo na farko da yaron ya dawo gida da labarin "mun ci", ba "sun ci" ba.

Bayan tambayoyi nas ta auna nauyinsu da tsayinsu. Ta ja fatar idon 'yata ƙasa, ta juya tafin hannunta, ta kalle ni ta ce, "Mma, tana cin ƙasa ko ƙanƙara?" Gabana ya faɗi. Ba ta ba mu magani ba, ba ta ce ga ciwon ba, takarda ta rubuta ta ce mu je asibiti a gwada jini. Gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa. Likita ya ɗora ta a kan maganin ƙarin jini na wata uku da na tsutsar ciki. A nan ne yarinyar ta faɗa min gaskiya: ashe ƙwayar ƙarin jinin da ake raba wa 'yan mata a sukul sau ɗaya a mako, shirin da aka fara a ƙasar nan a 2017, ita da ƙawayenta ƙarƙashin harshe suke ɓoye ta su tofar, wai an ce musu maganin hana haihuwa ne. An miƙa wa yara ƙwaya, ba a samu wanda zai zauna da su ko da iyayensu ya yi bayani ba. Nas ɗin nan ta tara 'yan matan a gefen fili rabin awa, ta faɗa musu abin da jinin wata ke ɗebewa daga jiki da abin da ke mayar da shi: hanta, kifi, wake, kontomire (ganyen gwaza), alayyafo, a bi da lemon zaƙi, a daina kora abinci da shayi don shayi na hana jiki tsotse sinadarin. Abu kaɗan, amma a gidana ya canja tukunya. Ayilo kuwa da kanta ta daina, ban sake faɗa ba.

Autan kuma allon gwajin ido ta kafa masa a jikin ragar wayar da ta kewaye filin, ta sa shi ya rufe ido ɗaya. Layi na uku ya tsaya. Shekara biyu ana rubuta min cewa yaro ba ya mai da hankali, ashe allon ne ba ya gani. Mun je asibitin ido, kuɗin gilashi daga aljihunmu ya fito, kuma wannan zangon karon farko ya kawo littafin da aka cika shafinsa da rubutu. Da a ce abin da na samu a wurin nan ke nan, da kuɗina ya fita.

Horon kansa ba ƙwallo ba ne zalla, aƙalla a watannin farko. Ana fara wa da ɗumama jiki minti goma, sai a raba su gida uku bisa shekaru. Akwai tseren miƙa sanda, tsallen igiya, ƙwallon hannu, jifa da cafewa, tafiya a kan layi don daidaita jiki. Mata suna da tasu mai horarwa, wata budurwa da yara ke kira Madam, kuma ita ce ta dawo da ampe, wasan tsalle da tafi na 'yan mata, cikin tsari, da ƙirga maki da rukuni biyu. Ni da na tashi ina buga ampe a lungun gidanmu har ƙafa ta yi tsami, ban taɓa ɗaukar sa motsa jiki ba sai da na ga 'yan mata goma sha biyar suna haki suna dariya bayan minti goma. A bakin ƙofa akwai bokitin Veronica, mai famfo a gindi, wanda wata 'yar ƙasar nan Veronica Bekoe ta ƙirƙiro, da sabulu, kuma ba mai taɓa abinci bai wanke hannu ba. Akwai akwatin taimakon gaggawa, na buɗe na duba da idona: bandeji, auduga, maganin wanke rauni, gishirin ORS, kuma kwanan watansu bai wuce ba. Koci ba ya duka, ba ya zagi, ba ya sa yaro gudu a matsayin horo. Ya ce min in ka mai da gudu bulala, yaro zai tsane shi har tsufansa.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai yi min ƙarya ba game da iyakar abin da yake sayarwa. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, ba sau biyu a mako ba, don haka nasa cikon benci ne. Yana ba su aikin gida: tsallen igiya kafin wanka, tafiya sukul da ƙafa in ba nisa. Na tsakiyan nawa yanzu da ƙafa yake zuwa aike har Asawase. Na sake auna shi da Babbar Salla: ƙugu bai ƙaru ba, tsayi ya ƙaru, kuma wandon P.E. ɗinsa ya yage a tsakiya, na ɗinke da farin ciki.

Shigar 'yata ba ta zo da sauƙi ba. Surukata, wadda muke gida ɗaya, ta ce, "Ke yanzu budurwa kamar wannan za ki sake ta tana tsalle gaban maza? Gobe wa zai zo neman ta?" Na ce, "Mma, ki bari in ɗinka mata kayan, in kin gani ba su yi ba sai a fasa." Na yanka mata dogon wando mai faɗi, riga har gwiwa da tsaga a gefe, da ƙaramin hijabi mai roba wanda ba ya buƙatar fil, duka da yadin da ke shan gumi. Baban yara kuma ya kai maganar wurin malaminsu na makaranta, malam ya tunatar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Mma ta juya kayan ciki da waje, ta ja ɗinkin, ta ce to, amma a dawo kafin kiran magariba. Ya kamata in faɗa, tun daga lokacin iyaye da dama sun kawo min ɗinkin irin kayan nan, ke nan ina cin wani abu ta dalilin wurin. Mai karatu ya auna yabona da sanin haka.

To ga inda takalmin ke matsa min.

Babu banɗaki. Fili mai fitilu da waya da ciyawar da aka shigo da ita daga waje, amma babu inda yarinya za ta kewaya. Maza su zaga bayan katanga, mata sai su roƙi wani gida a maƙwabta. 'Yata ba ta zuwa a kwanakin al'adarta, ba don ba ta iya ba, don babu inda za ta gyara jikinta. Haka abin yake a sukul ɗinsu: a 2025 gwamnati ta fara raba audugar mata kyauta ga ɗalibai, abu ne mai kyau ƙwarai, sai dai auduga na buƙatar ɗaki mai ƙofa da ruwa. Na yi wa Koci magana sau uku, ya ce filin ba nasa ba ne. Gaskiya ne, amma shi ya zaɓi filin, kuma shi muke biya.

Sannan awa biyun da muke biya ba ta cika. Tun biyar da rabi manyan samari masu hayar ƙarfe 6 suke cika bakin layi, suna buga ƙwallo cikin yara, wasu na jifan 'yan matan da maganganun da ba zan rubuta ba. Mai gadin filin ba ya tsawata musu, don su ne masu biya kullum. Wata Asabar ƙwallonsu ta sami wata ƙaramar yarinya a fuska har ta haɓo. Tun ranar Madam ke kwashe mata da wuri, wato matan ne suka yi asarar rabin awa saboda rashin tarbiyyar wasu. Ciyawar robar kuma tana riƙe zafi, a watan Fabrairu da Maris ƙarfe 4 tana ƙona tafin ƙafa ta cikin kambu, in yaro ya zame kuma sai ta saɓule masa fata, baƙaƙen ƙwayoyin roba su shiga raunin. Dogon wando ya fi gajere a kanta, ko ga maza. An ce mana nas za ta riƙa zuwa sau ɗaya a wata. Cikin wata takwas sau biyar na gan ta. Da azumi an dakatar da na Alhamis amma kuɗin wata bai ragu ba. Ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, muke biya, kuma sai da na nace aka fara ba da rasit.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda ƙwallon ƙafa ke cinye sauran a hankali. Iyaye maza ke jawo wannan. Suna tsayawa jikin waya suna ihu, kowa na ganin ɗansa ne Mohammed Kudus na gobe, tunda shi ma daga unguwar Nima ta Accra ya taso ya bi ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream har ya kai Ajax da Ingila. Ba na ƙin wannan fata. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai gaji da ba mu labarin Baba Yara ba, sarkin 'yan gefe, wanda haɗarin mota ya katse wa wasa a 1963, wanda babban filin garin nan ke ɗauke da sunansa, da Abdul Razak ɗan Kumasi da ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1978. Amma cikin yara hamsin mutum nawa ne za su ci abinci da ƙwallo? Sauran fa, mai ƙiba, mai asma, mai gilashi, mace? Don su na kawo nawa. A watannin baya na ga Koci yana ƙara tsayawa wurin maza takwas ɗin da suka iya, yana barin ƙanana a hannun wani yaronsa da ba shi da horo. Na faɗa masa a fuska: "Malam, in ƙungiyar ƙwallo za ka buɗe ka faɗa mana, mu san inda muka dosa." Ya karɓi maganar, ya gyara na 'yan makonni. Ina sa ido.

Duk da haka, mai tambayata ko ya kai ɗansa, amsata ita ce ya kai, in yana da hali. Ya cika takardar lafiyar da gaskiya, ya ba yaro gorar ruwa daga gida, ya tsaya ya kalla ko sau ɗaya a wata, in mace ce kuma ya je ɗaukarta da kansa.

"In yana da hali" ɗin nan ita ke hana ni barci. Domin babu abu ɗaya da Koci ke sayar min wanda ba a rubuta cewa sukul za ta bayar kyauta ba. Manhajar firamare da aka shigo da ita a 2019 tana da darasin motsa jiki, ta JHS ma tana da darasin motsa jiki da lafiya. Shirin kula da lafiyar ɗalibai da ake kira SHEP yana nan tun 1992, haɗin gwiwar ɓangaren ilimi da na lafiya, kuma a ƙa'ida kowace sukul tana da malamin da ke riƙe da shi. Mutumin da nake biya da yamma shi ne dai malamin gwamnati da safe. Na tambaye shi me ya hana ya yi wa ɗalibansa na safe abin da yake wa namu. Ya ce, "Hajiya, ƙwallo biyu gare ni, ɗaya ta sace. Filin kuma rabi kwantenoni sun cinye, rabin da ya rage ran Asabar a kafa rumfunan biki ko na makoki, ran Litinin in tarar da ƙusoshi da fasassun kwalabe."

Kuɗin da gwamnati ke bai wa sukul a kan kowane ɗalibi, wanda malamai ke kira kafiteshan, an fara shi a faɗin ƙasa a 2005 da tsohon sidi 30,000, wato sidi 3 na yanzu, a shekara. Ya koma 4.50 a 2009, zuwa 2019 ya kai sidi 10. A shekara fa, ba a wata ba. Cikinsa za a sayi alli da rajista, a gyara benci, a buga takardun jarrabawa, kuma cikinsa ne ake cire na wasanni da al'adu. Ko an ninka goman nan sau biyu ba ta kai abin da nake kashewa a pragya a mako guda ba. Ni kuwa yaro ɗaya sidi 840 yake ci min a shekara a wajen Koci. Abincin sukul ma, da aka ɗaga kuɗinsa zuwa sidi 2 a kan kowane yaro a rana a kasafin 2025, duk uwar da ke shiga kasuwa ta san abin da sidi 2 ke iya sawa a kwano. Yaron da bai ƙoshi ba ba a ce masa ya yi gudu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kuma ba a ce ƙasar ba ta kashe kuɗi a wasanni ba. A Maris ɗin 2024 an yi Wasannin Afirka a Accra, an gina katafaren wuri a Borteyman, mun kalla a talabijin mun yi alfahari. Koci ya taɓa kwasar yaranmu zuwa filin Baba Yara kallon gasar guje-guje ta manyan sakandaren Ashanti, 'yata ta dawo muryarta a dishe. Sai dai waɗanda ke gudu a can daga wani aji 3 suka fito, kuma a aji 3 ɗin ne babu ko igiya. Wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fito a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, mata sun fi maza. Mu a Zango muna ganin ƙarshen wannan hanya a gidajenmu: hawan jini da ciwon suga a jikin mutanen da ba su kai hamsin ba, da samarin da ba su da filin zuwa da yamma sai dandalin shan ataya, wasu daga can su zarce ga tiramol.

A taron iyaye da malamai na zangon da ya wuce na miƙe, ni da ban saba magana a taro ba. Na roƙi abu uku: a mayar wa P.E. awarta kada wani darasi ya sake hawa kanta, a kafa a bango yadda kwamitin kula da sukul ya tsara kashe kuɗin kafiteshan don mu ga nawa ya tafi wasanni da lafiya, sannan a nemi nas daga asibitin unguwa ta zo ta gwada ido da nauyi ko sau ɗaya a shekara. Shugabar sukul ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Hajiya, na zangon da ya wuce ma bai shigo ba, allin da muke rubutu da shi bashi na ci." Na yarda da ita. Wakilin unguwarmu a majalisar ƙaramar hukuma yana wurin, ya ce zai duba batun kwantenonin. Mu iyaye muka yi karo-karo aka sayi ƙwallo huɗu da igiyoyi da akwatin taimakon gaggawa, ni kuma na ɗinka rigunan raba rukuni guda ashirin da ragowar yadi. Wannan toshe ɓaraka ne kawai, ƙwallo huɗu ba sa shekara a hannun yara ɗaruruwa. Mun rubuta takarda zuwa ga ɗan majalisarmu da ofishin ilimi na yankin muna neman a ware wa motsa jiki da lafiyar ɗalibai kuɗinsu daban, wanda ba za a iya karkatar da shi zuwa alli ba, kuma ya riƙa zuwa a farkon zango. Iyaye 63 suka sa hannu, da yawa da ɗan yatsa. Kwafinta na shagona, duk wadda ta zo awo nakan karanta mata.

Duk Alhamis in na je ɗaukar yara nakan ƙirga waɗanda ke waje, yatsunsu cikin ragar waya. Sukan fi na ciki yawa. Koci yana shigar da biyu ko uku kyauta, iyakar abin da hayar filin ta bar masa ke nan. Akwai wata yarinya mai tallan ruwan leda, ba za ta wuce shekara 10 ba, ajinsu ɗaya da ɗan maƙwabciyata. Tana ajiye tiren a ƙasa ta tsaya daidai inda Madam ke horar da mata. Makon jiya na ga ta zo da igiyarta, ta tufka ta da ledojin ruwan da aka sha aka yar, tana tsalle a bakin kwata babu takalmi, tana bin ƙirgar Madam daga waje. Ta kai arba'in da bakwai kafin wani direba ya kira ta ya sayi ruwa.